Muryar Da Ke Kira Idan An Yanke Gero

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga autata Ramlatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya a masaukinki na Abuja, ke da mutanen da suka karɓe ki. Allah ya tsare ki a ƙasa, ya tsare ki a cikin jirgi, ya sauke ki Koriya lafiya a hannun masu tausayi. Amin.

Kada ki nemi labarin gida a nan. Kawunki Bello da zai kawo miki takardar zai ba ki labarin Illela har ki roƙe shi ya yi shiru, kin san bakinsa. Ni magana guda gare ni, kuma ita ce na kasa faɗa miki baki da baki duk kwanakin da muka yi muna ɗaure kayanki. Maganar yayanki ce. Kin gani, ko a takarda hannuna ya ƙi rubuta sunansa.

Kin taso kin ga ba na kiran sunan nan, wataƙila kin ɗauka hali ne kawai. Shi ne ɗana na fari, kuma uwar da ta raine ni Bafulatanar Tozai ce, wadda a wurinta mace ta kalli ɗan farinta a gaban mutane ma rashin ta ido ne. Ana yaye shi aka kai shi Garu wurin kakarsa ta wajen uba, can ya girma. Idan ya zo gida sai in zuba abinci in ba wani ya miƙa masa. Ban taɓa tambayarsa ko ya ƙoshi ba. Mata suna yabona, suna cewa Malama akwai alkunya, ni kuwa ina jin daɗin yabon.

Da ya tafi Koriya yana sayo wa 'yan kasuwar Ƙonni da Sakkwato tsofaffin kayan mota, a ƙaramar wayar babanki yake kira. Babanki, Allah ya jiƙansa, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Amshi, ki ce mai ko sannu ta."

Sai in ce, "Ni mi za ni ce mai? Ka dai gaishe shi." In shige madafa, in tsaya bayan ƙyaure ina sauraro kamar ɓarauniya. Ban tambayi sunan garin da yake ba, ban tambayi da wa yake zaune ba. Babanki ya san komai, na ce ai ya isa. Sai Allah ya ɗauki babanki ba zato, ya tafi da duk abin da ya sani. A shekarar kuma kiran yayanki ya ɗauke. Kawunki ya bi 'yan kasuwa yana tambaya. Wani ya ce ya bar garin bakin teku ya shiga cikin ƙasar, wani ya ce ya ji ya yi aure, wani ya ce shi rabonsa da shi an daɗe.

Ramlatu, ki riƙe kunyarki, amma kada ki bari ta ɗaure miki baki a inda ya kamata ki yi tambaya. Duk inda kika sauka ki san sunan unguwar da sunan mai gidan, ki faɗa wa fiye da mutum ɗaya a nan gida. Kuma idan kin kira, ni za ki nema, zan amsa.

Bari in faɗa miki abin da yake cina. Kullum bayan sallar asuba ina bin mutanena ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Idan na zo kan babanki in ce Allah ya jiƙansa. Idan na zo kanku in ce Allah ya raya, ya tsare. Idan na zo kan yayanki sai harshena ya tsaya. In na nema masa rahamar kabari, ina tsoron na binne ɗana da ransa. In na nema masa tsari da dawowa, ina tsoron yana kwance a wata ƙasa shekara da shekaru ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa, har uwar da ta haife shi. Ban san addu'ar da zan yi masa ba, kuma ba na so in mutu ban sani ba.

Ga abin da ba ki sani ba. Wayar babanki tana nan. Ban bari layin ya mutu ba, ina sa mata caji in mayar da ita cikin babbar kwallar nan ta ƙasan jere, in rufe. Shekara ta zagayo bayan rasuwarsa, lokacin yankan gero, gida ya watse, kowa yana gona wajen Lafani. Da hantsi ne, rana tsaye fes, ina tsakar gida ni kaɗai ina tsince wake. Sai na ji jeren kwanonina gaba ɗaya ya ɗauki gurnani. Kin san ƙarar waya a cikin rufaffen kwano, kowane murfi sai da ya amsa. Kaji suka bar tsattsaga suka tsaya. Na daɗe a bakin ƙofa kafin na tuna abin da na ajiye a ciki.

Lamba ce doguwa, irin wadda ban taɓa gani ba. A kwanakin kuwa matan da nake karantarwa ba su da zance sai na wata lamba da aka ce in ka amsa jini zai ɓalle maka ta hanci da kunne. Kowacce ta san wata da ta san wanda ya mutu. Ni da nake tsawata musu a aji, ina cewa ba mai kashewa sai Allah, sai ga ni riƙe da waya na ƙi amsawa. Na mayar da ita na rufe, na ɗora dutsen guga a kan murfin. Ta yi ta kuka a ciki har ta gaji.

Shekara ta sake zagayowa, aka yanke gero, wata ya cika, da hantsi kwanonin suka sake ɗaukar gurnani. Nan ma ban ɗauka ba. Amma na lura, ba ta kira da damina, ba ta kira da azumi ko da salla. Sai gero ya faɗi, farin wata ya yi tsakiya.

Da ta sake dawowa na yi bisimilla na danna. Da farko iska kawai na ji, irin ta fili mai faɗi, da kukan wasu tsuntsaye da ba namu ba. Sai muryar mace, a hankali, kamar mai gudun ta tashi wani daga barci. Na ce, "Wa ak kira?" Da ta ji muryata sai numfashinta ya sauya, ta ce, "Omoni." Ta sake cewa, "Omoni." Sannan ta zubo magana mai tsawo, ba Turanci ba, ba Faransancin mutanen Ƙonni ba, ba Larabci ba. A tsakiyar maganar, sarai, na ji sunan yayanki.

Murya daga inda ba a sani ba, a wayar mamaci, tana kiran sunan ɓatacce. Ke me za ki ce? Ni dai 'yar malamai ce, abin da na iya shi na yi. Na kafa bakina a wayar na karanto mata Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, na bi da Falaƙi da Nasi, ina jira in ji ihu ko in ji ta ɓace. Ba ta ɓace ba. Ta yi tsit tun daga farko har ƙarshe, irin shirun wanda ya saba jin karatu ya san ba a katse shi. Da na kai aya ta ƙarshe, sai ta ce, "Amin." Sannan ta fashe da kuka, layin ya yanke.

Ki yi dariya idan kina so, ni ma yanzu ina yi wa kaina. Mace ta ɗauki waya daga bangon duniya tana neman uwar wani, uwar ta yi mata ruƙiyya. To ki kiyaye wannan, auta. Za ki shiga ƙasar da komai nata baƙo ne, za ki ji sautin da bai yi kama da maganar mutane ba, za ki ga al'adar da za ta ba ki tsoro. Kafin ki ce aljani ne ko mugu ne, ki fara ɗauka mutum ne mai wata bukata, ki nemi sanin me yake cewa. Tsoron da na ji ranar nan rashin jin harshe ne ya haife shi, ba wani abu ba.

Kawunki kaɗai na faɗa wa. Da fari ya ce 'yan damfara ne. Da ya ga ba a taɓa roƙon komai ba, sai wata shekara ya bar gonarsa ya zo ya tare a gidan nan da babbar wayarsa, ya ce tana fassara kowane harshe na duniya. Kiran ya zo, ya kara wayarsa a bakin tawa. Matar ta yi magana mai tsawo, injin ya tsinto abin da ya ga dama. Ya kawo shinkafa, ya kawo dutse, ya kawo a yi haƙuri, sauran duk shirme. Kawunki ya yi ta juya wayar yana cewa, "Wanga abu iska ta ka hana shi ji." Mun kwana biyu muna jujjuya shinkafa da dutse ba mu fitar da komai ba. Na sa ya bi lambar ya kira, wata murya ta na'ura ce take amsawa.

Saboda haka idan wani ya ce miki me za ki wahala da koyon harshe ga waya tana yi, ki ce uwarki ta gwada. Inji yana tsinto kalma, amma bai iya cewa dakata, maimaita, yana raye ko ya mutu ba. Bai san inda murya ta karye ba. Wannan sai mutum mai kunne da zuciya.

Yanzu in zo kanki. Kin tuna yadda na sa ki gaba da kika fara kallon wasannin mutanen nan a waya, kina kwaikwayon maganarsu kina wanke-wanke? Na ce kin bar haddarki kin koma koyon kukan kanari. Mahaifina ya raine mu a kan cewa Larabci na lahira ne, Hausa ta gida ce, sauran harsuna na 'yan kasuwa ne. Shi ya sa na tsufa a Illela, garin da yaro ƙarami yake ciniki da Faransanci ya juya ya gaisa da Buzu da harshensa, ni ko sannu ta wani harshe ban ajiye ba, har ina taƙama da hakan. Allah ya gafarta wa Malam, a nan bai hango ba. Wanda ya halicci harsunan nan bai halicce su don wasa ba.

Wani hutu da kika dawo daga makaranta a Sakkwato, ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji muryar mace daga ɗakinki ta ce, "Omoni." Rariyar ta suɓuce mini. Na leƙa, na tarar ke ce kwance kina kallo. Na daure na ce, "Ke, mi wagga tac ce?"

Kika ce, "Uwa ta ka kira, Inna. Haka su ka ce ma uwa, ko uwar miji."

Kin ga na tsaya, sai daɗi ya kama ki, kin samu ɗaliba. Kika tashi zaune kina nuna mini mutanen cikin wayar sanye da kaya masu launi. Kika ce bikin girbinsu ne, idan amfanin gona ya nuna wata ya cika, kowa yakan koma gida ya gaida iyayensa, matar ɗa ta durƙusa wa uwar mijinta. Kika ce kuma a ranar ce suke hawa kan duwatsu inda kaburburansu suke, su share, su ajiye abinci, su gaida matattunsu.

Kika dube ni kika ce, "Inna, mi as same ki?" Na ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ban hura ba.

A cikin zance guda, kina wasa, kin buɗe mini abin da na yi shekaru ina kokawa da shi. Ina da suruka, kuma duk shekara a ranar gaida iyaye tana nemana. Amma kin bar ni da wadda ta fi ta nauyi. Iskar nan da nake ji a bayanta, da tsuntsayen nan, daga ina take kirana? Daga ƙofar gidanta, ko daga kan dutse a gefen kabari?

Za ki ce me ya hana ni faɗa miki a ranar, ga ki da harshen a baki. Na ce wa kaina karatu ne a gabanki, kada in ɗora miki kaya. Gaskiyar ita ce tsoro. Muddin ba wanda ya fassara mini, to ba wanda ya ce mini ya mutu. Na zaɓi zama cikin duhu da in ji amsa, kuma ban samu hutu a cikinsa ba ko na yini ɗaya. Kada ki gaje ni a wannan. In likita zai yi miki bayani, in hukuma za ta karanta miki doka, in wani zai faɗa miki abin da ba ki so, ki tsaya ki ji da kunnenki, a harshen da aka faɗe shi.

Don haka ki koyi harshen nan da gaske, ba na wasan kwaikwayo kaɗai ba, inda kowa kyakkyawa ne yana kuka a cikin ruwan sama. Na aji zai ba ki takarda ya ba ki aiki, ina murna da wannan. Amma ki je wurin tsofaffin mata masu sayar da ganye, ki koyi yadda suke magana in sun gaji. Ki koyi yadda ake gaida mara lafiya, da yadda ake ta'aziyya, da yadda ake tambayar abu mai zafi ba tare da an fama wa mutum ciwo ba. Ki koyi yadda za ki ce ba na cin wannan, addinina ya hana, cikin ladabin da mai gida ba zai ji kunya ba. Kin ce ƙawarki harshen Japan take koyo, kuma ƙasashen maƙwabta ne. In Allah ya ba ki iko ki ɗora da shi, ba a san ƙofar da mutum zai tsaya yana ƙwanƙwasawa ba. Sallarki kuwa da Hausarki kada ki sake su. Ban aike ki ki dawo kina sunkuya mini da ka kina kirana omoni ba, Inna nake, Inna za ki tarar.

Da a nan takardar za ta tsaya. To bayan tafiyarki aka shiga yankan gero, kuma shekaranjiya da hantsi kwanonin suka ɗauka.

Na wanke hannuna, na zauna a bakin gado, na danna. Iskar nan dai, da tsuntsayen. Ta ce, "Omoni." A karo na farko na ce, "Na'am, ɗiyata." Ban san ko ta gane kalmar ba, amma ta gane muryar, don na ji ta ja numfashi. Ba ta yi doguwar maganar da ta saba ba. Na ji motsi, na ji tana rarrashin wani ƙasa-ƙasa, wayar ta sauya hannu.

Sai wata 'yar murya siririya ta ce, "Salamu alaikum, Kaka. Ina kwana? Sunana Sa'adatu."

Ramlatu, da Hausa. Kuma ba Hausar rediyo ba, Hausar Garu, da jan nan na ƙarshen magana da na sha ji daga bayan ƙyaure. Sa'adatu kuwa, a duk danginmu da na babanki, kin san mutum ɗaya ce mai sunan. Yaron da ban taɓa kiran sunansa ba, ya je ƙarshen duniya ya sa wa 'yarsa nawa.

Na ce, "Lahiya lau, takwara. Ina babanki? Yana nan kusa?"

Ta ce, "Salamu alaikum, Kaka. Ina kwana? Sunana Sa'adatu."

Na ce, "Na jiya, 'yar albarka. Babanki nika tambaya. Shi ya koya miki?"

Ta sake maimaitawa, daidai yadda ta faɗa da fari, ba ragi ba ƙari. Iyakar Hausarta ke nan. Tana jira in ce wani abu da za ta gane, ni ma ina jira, iska tana busawa a tsakaninmu har layin ya yanke.

Tun ranar nake auna muryar nan. Ƙarama ce ƙwarai, kamar ta yarinyar da ba ta yi famfara ba, shirun yayanki kuwa ya girmi haka. In kunnena bai ruɗe ni ba, to ya rayu bayan ya daina kira. Wataƙila yana tsaye a gefenta yana faɗa mata a kunne, wani abu ya hana shi karɓar wayar. Wataƙila kuma ya koya wa uwar ne kafin ya tafi, ita ta riƙe masa amana har yarinyar ta yi baki. Na juya ta kowace fuska, ba zan iya sani daga nan ba.

Kawunki zai ba ki lambar. Ki huta tukuna, ki san gari, ki kama karatunki. Sannan ki nemi matar nan. Ki gaishe ta da harshenta, gaisuwar da ƙanwar miji take yi wa matar wa. Ki ce mata tsohuwar da ta yi mata karatu a waya ba korarta take yi ba, rashin sani ne, ta yafe mini. Ki ɗauki takwarata ki ɗora a cinya, ki ƙara mata Hausa ko kaɗan ce. Sannan ki yi tambayar. Duk amsar da aka ba ki, kada ki tausasa mini ita, kada ki biyo da ita ta wurin Kawunki. Ki kira wayar babanki, tana hannuna yanzu, na fitar da ita daga kwalla. In yana raye, ki ce masa uwarsa tana son magana da shi, da bakinta. In kuwa kan dutsen aka kai ki, ki fuskanci alƙibla ki yi masa abin da ban yi ba, ki kira sunansa da ƙarfi a madadina.

Allah ya kai ki lafiya, ya buɗe miki kunne da harshe, ya tsare miki imaninki da mutuncinki. Allah ya haɗa ki da alheri a inda ba ki da kowa, ya dawo mini da ke ina raye. Ya raya Sa'adatu ƙarama, ya saka wa uwarta da alheri. Shi kuwa, na bar wurinsa a buɗe har in ji daga gare ki.

Wassalamu alaikum.

Innarki,
Sa'adatu
Illela